Kwana Ɗaya a Tsohon Gida a Filifin: Bagac, Vigan, Taal ko Villa Escudero?

Duk wanda ya sauka Manila da kwana ɗaya tak a hannunsa, yana kuma son ya yi shi a cikin tsohon gida irin na zamanin mulkin Sifaniya, tambayar da ya kamata ya fara yi wa kansa ita ce ko gidan yake son gani ko kuwa garin da ya haifi gidan. Amsar wannan ita ce za ta raba masa gardama tsakanin wurare huɗu da aka fi ambata, domin dukkansu a tsibirin Luzon suke, dukkansu kuma suna tallata tarihi, amma abin da kowannensu yake sayarwa daban ne.

Gidan da ake magana a kansa shi ne wanda mutanen ƙasar suke kira bahay na bato. Ƙasansa dutse ne ko tubali, benensa katako, tagoginsa kuma manya ne masu zamewa gefe, an jera musu ɓawon ƙumbar teku a maimakon gilashi, don haka hasken da yake shigowa ɗaki fari ne mai taushi. A ƙarƙashin kowace taga akwai wata ƙarama da ake buɗewa iska ta ratsa ta ƙafafun mai zama. Attajiran da suka gina irin waɗannan gidaje a ƙarni na 19 a sama suke kwana, ƙasa kuwa wurin ajiye kaya ne da keken doki. Wannan tsari yana da tasiri ga mai neman masauki a yau, domin ɗakin da ya fi daraja kullum yana ƙarshen wata doguwar matakalar katako, kuma dattijo ko mai ciwon gwiwa zai ji a jikinsa.

Wurin da ya fi suna shi ne Las Casas Filipinas de Acuzar, a garin Bagac na lardin Bataan, tafiyar kamar sa'a 3 a mota daga Manila idan hanya ta yi sauƙi. Wani ɗan kasuwar gine-gine, José Acuzar, shi ne ya riƙa sayen tsofaffin gidaje daga garuruwa daban-daban, ana kwance su katako bayan katako, ana sa wa kowane lamba, a kwaso su a sake tayar da su a bakin teku, har aka buɗe wurin ga jama'a a 2010. A can ne mutum zai ga Casa Byzantina, wadda aka gina a Manila a 1890, ta lalace har iyalai da dama suka cunkushe a cikinta kafin a ɗauko ta, da Casa Hidalgo ta unguwar Quiapo, wadda ta taɓa zama makarantar koyar da zane ta Jami'ar Filifin. An shimfiɗa tituna da duwatsu, an ratsa wurin da ruwa da gadoji, kuma mai zagayawa da baƙi yakan umarci kowa ya tuɓe takalminsa kafin ya taka benen gida, saboda katakon da aka goge har yana sheƙi.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi sai sun isa shi ne cewa kama ɗaki a Las Casas ba ya nufin kwana a tsohon gida. Ɗakunan da suka fi sauƙin kuɗi suna cikin sababbin gine-gine da aka yi su da siffar na dā, irin jerin Paseo de Escolta wanda aka kwaikwayi wani tsohon titin kasuwanci na Manila da shi. Ɗakunan suna da tsabta da na'urar sanyaya ɗaki, ba su da wani aibi, sai dai bangon da ke kewaye da mai barci bai girmi ɗan makarantar sakandare da yawa ba. Gidajen asali kuwa sau da yawa ɗungurungum ake bayar da hayarsu, kuɗinsu ya ninka na ɗaki sau da dama, kuma ba su da riba sai ga iyali babba ko ayarin abokai da za su raba kuɗin a tsakaninsu. Ga mutum ɗaya ko mata da miji, ɗakin otal ya wadatar, tunda abin da ake biya a gaskiya shi ne sa'o'in da masu yawon yini suka watse, lokacin da rana take faɗawa teku aka kunna fitilun kan gadoji, da kuma sanyin safiya kafin motocin farko su iso. Ya kamata kuma a duba adireshi da kyau wajen biyan kuɗi ta intanet, domin kamfanin yana da wani reshe mai suna iri ɗaya a birnin Quezon, cikin yankin babban birnin Manila, inda babu teku.

Akwai suka da ake yi wa wannan wuri, kuma ba ta banza ba ce. Masu rajin kare kayan tarihi suna cewa gidan da aka tumɓuke daga unguwarsa ya bar rabin tarihinsa a baya, rikicin ya kuma fi zafi a kan gidan Alberto na garin Biñan, wanda yake da alaƙa da dangin mahaifiyar José Rizal, gwarzon ƙasar, lokacin da aka kwashi wani ɓangarensa zuwa Bagac mutanen garin suka tayar da jijiyar wuya. Masu wurin suna amsawa da cewa da ba a ɗauko gidajen ba, da gara da ruwan sama da masu sayen tsohon katako sun gama da su. A ganina kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma mai biyan kuɗi ya san cewa garin da zai kwana a cikinsa bai taɓa wanzuwa ba, an harhaɗa shi ne daga garuruwa da yawa.

Vigan kishiyar wannan ce. Birni ne mai rai a lardin Ilocos Sur, wanda Juan de Salcedo ya kafa wa Sifaniya a 1572, ya tsira daga ruwan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu da ya rusa tsohuwar Manila, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1999. Gidajen titin Calle Crisologo suna nan inda aka gina su, kekunan doki suna wucewa a kan daɓen duwatsu, wasu gidajen har yanzu zuriyar masu su suna ciki, wasu tsofaffin gidajen birnin kuma an mayar da su masauki, irin su Villa Angela da Hotel Luna. Mai kwana a nan zai ji ƙarar kofato da babura da ƙararrawar majami'a, katakon bene kuma yana kuka idan maƙwabcin ɗaki ya motsa. Matsalar Vigan nisa ce, domin tana kusan kilomita 400 arewa da Manila, motar haya takan ci sa'a 8 ko fiye, ko da an hau jirgi zuwa Laoag ma sai an ƙara tafiyar mota ta kusan sa'a 2. Wanda ya je don kwana ɗaya zai fi daɗewa a kujerar mota fiye da kan gado, don haka ban ga hikimar zuwa ba sai da kwana biyu ko uku. Girgizar ƙasar watan Yulin 2022 ta taɓa babbar majami'ar birnin da wasu tsofaffin gidaje, saboda haka yana da kyau a tambayi masauki abin da yake buɗe kafin a kama hanya.

Garin Taal na lardin Batangas shi ne tsaka-tsaki, kuma shi zan zaɓar wa wanda gidan gaske a garin gaske ya fi damunsa alhali lokacinsa kaɗan ne. Bai kai sa'a 3 daga Manila ba a yawancin ranaku, ana zagaya shi da ƙafa, akwai katafariyar majami'ar San Martin de Tours a kan tudu, da gidan Marcela Agoncillo wadda ta ɗinka tutar ƙasar ta farko a Hong Kong a 1898. Masaukan ƙanana ne, ɗakuna kaɗan, garin kuma yana yin tsit da wuri. Dutsen Taal mai aman wuta yana kusa, ya yi aman da ya lulluɓe yankin da toka a Janairun 2020, don haka a duba sanarwar hukuma.

Villa Escudero, da ke Tiaong a lardin Quezon, gonar kwakwa ce da aka buɗe ga baƙi a 1981, inda ake ɗaukar mutum a amalanken ɓauna, a ci abincin rana ƙafa cikin ruwa a gindin madatsar Labasin. Yara suna jin daɗinta ƙwarai, amma ɗakunan kwana bukkokin shaƙatawa ne a bakin ruwa, kuma yini ɗaya ya isa a ga komai.

Batun abinci ba ƙarami ba ne ga Musulmi. Duk waɗannan garuruwa yankin mabiya ɗarikar Katolika ne, naman alade kuma yana cikin girkin yau da kullum, musamman a Vigan inda longganisa da bagnet, abincin da aka fi alfahari da su, dukkansu alade ne, har sanannen soyayyen empanada na garin, mai kama da samosa, da longganisa ake cusa shi. Kalmar da za a riƙe ita ce baboy, wato alade, a kuma tambayi man da aka yi suya da shi ko da kifi aka nema. A babban wuri irin Las Casas ya fi sauƙi a rubuta wa masu masauki tun kafin zuwa, sai dai da yake wurin a keɓe yake, mutum ya dogara ne da gidajen abincin ciki da farashinsu, alhali a Vigan da Taal yana iya fita kasuwa ya sayi kifi da 'ya'yan itace.

Daga Disamba zuwa Fabrairu ne yanayi ya fi daɗi, Maris zuwa Mayu zafi ne mai nauyi, daga Yuni zuwa Oktoba kuwa damina ce da mahaukaciyar guguwa, kuma Bagac da Vigan duka suna gaɓar yamma inda iskar damina take bugawa. Wanda zai je a wannan lokaci ya tabbatar da sharaɗin mayar da kuɗi ko sauya rana a rubuce. Makon Ista da ƙarshen Disamba ɗakuna suna ƙarewa da wuri, hanyoyin fita daga Manila kuma suna cushewa, don haka daren Talata ko Laraba ya fi kowane dare sauƙin samu.