Sabon kantin bakin tasha: wakensu ya yi, kuɗin ledar ne har yanzu muke rigima

Wata uku kenan da buɗe sabon kantin nan na bakin tasha a garinmu, kan titin da ya tashi daga Gumel ya nufi Maigatari, kuma tun ranar da aka buɗe shi mutane ke tare ni wai malam ka shiga kuwa, yaya kayansu, da gaske ne har leda sai ka biya? To na shiga ba sau ɗaya ba ba sau biyar ba, yau dai na ce bari in zauna in faɗi abin da idona ya gani. Sunan kantin ba zan kama ba kar a ce an ba ni na goro, ɗan garin nan dai ya san inda nake nufi tunda shi kaɗai ne mai ƙofar gilashi, samari suna ce masa sufamaket, tsofaffi kuma suna ce masa shagon ɗauki da kanka.

Abin da zai fara tarbarka in ka tura ƙofar nan da rana tsaka shi ne sanyi. Ba na AC ba, babu AC, fanka ce guda huɗu da firiza uku a jere jikin bango, amma wanda ya san garinmu a watan Afrilu ya san ruwan sanyi na gaske ba ƙaramin abu ba ne, da sai dai mu jira mai ƙanƙara ya iso daga Gumel a kan babur rabinta ta narke a cikin buhu. Su sola suka shimfiɗa a rufin gaba ɗaya, ba ka jin ƙarar janareta ko kaɗan, mai kantin ya ce min tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya rantse ba zai kafa sana'a a kan fetur ba. Wannan kam na ba shi gaskiya ɗari bisa ɗari.

Labarin firizar ne ya ba ni mamaki. Wata ranar Talata na tarar an fito da wata tsohuwar firiza ƴar kwatano waje, mai gyara ya durƙusa a bayanta da ƴar tukunyar gas da wayoyinsa, yana ta tsaki. Na ce maigida lafiya? Ya nuna min wata ƴar takarda da aka manna kusa da kwamfuresa, ya ce malam karanta nan, na ga an rubuta R134a. Ya ja ni ciki ya nuna min na sababbin, su kuma R600a. Ya ce wancan tsohon gas ɗin yayinsa yana wucewa a duniya, kamfanoni sun koma wannan, kuma wannan ɗin ɗan'uwan gas ɗin girki ne, yana kamawa da wuta, in yaro bai iya aiki ba ya kusanto da wutar walda sai dai a ji labari. Amma fa ba ya jan wutar lantarki sosai, shi ya sa batirin sola yake iya riƙe firiza har asuba.

Ni mutum ne mai shegen bin ƙwaƙƙwafi, da na koma gida sai da na bi maganar. Ashe tun 1987 ƙasashen duniya suka sa hannu a Montreal ta ƙasar Kanada kan a daina gas ɗin da ke cinye rufin nan na sama mai tare mana hasken rana mai cutarwa, wanda ake kira ozon, a nan aka kashe R12 na firijin iyayenmu, R22 na tsofaffin AC shi ma ana kan janye shi zuwa 2030. Sai aka koma irin su R134a, daga baya aka gano shi kuma bai taɓa ozon amma yana ƙara ɗumamar duniya, sai aka sake zama a Kigali ta Ruwanda a 2016 aka ce shi ma a riƙa rage shi sannu a hankali, kuma Najeriya tana ciki. Wato wasu mutane sun zauna a ɗakin taro da kwat da lakataye, shekara da shekaru, abin ya gangaro ya gangaro har ya zo ya samu mai gyaran firij a bakin tasharmu yana tsaki. Ko da yake kar mu ɗora wa Kigali laifin komai, tsadar cika gas a yanzu rabinta dala ce, wannan kowa ya sani.

Yanzu ga inda kantin ya saye ni gaba ɗaya, wake.

Kun san halin da muke ciki da wake. Ka sayo kwano a kasuwa, uwargida ta jiƙa za ta yi alala ko ƙosai, sai ka ji wani wari-wari yana tashi kamar an fesa maganin sauro a ɗaki, ka san an zuba masa fiya-fiya don kar ƙwari su huda shi a ajiya. Mu da muke nomawa mun san masu yi, kar mu yaudari kanmu, wasu ma a gidanmu suke. To su a wannan kanti wakensu a ƙulle yake kwano-kwano da rabin kwano, an tsince shi tas, ba tsakuwa ba ƙaiƙayi, na buɗe na shinshina babu komai sai ƙanshin wake. Na tambayi mai kantin sirrin, ya kai ni sito ta baya ya nuna min, buhunan PICS ne a jere a kan katako, irin mai leda biyu a ciki da buhu a waje wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, ka matse iskar ka ɗaure kowanne daban, ƙwaron ya rasa numfashi ya mutu da kansa ba tare da ɗigon magani ba. Ya ce daga hannun manoma yake saye da kaka kafin ya shiga hannun ƴan ajiya.

Na ce Alhaji kai kuwa me ya kai ka wannan wahalar, ga hanya mai sauƙi kowa na bi? Ya yi dariya ya ce shi a wajen yayansa ya taso, yayan kuma harkar riɗi da zoɓo yake yi, yana tara wa masu fitarwa waje, to a can ya ga yadda ake dawo wa mutum da kaya mota guda saboda an auna an samu magani ko ƙwaro. Kuma gaskiyarsa ne, ba mu manta lokacin da Meziko ta rufe ƙofa ga zoɓonmu a 2018 saboda ƙwarin ajiya ba, manoman Jigawa sun ji a jikinsu don kusan mu ne gidan zoɓo a ƙasar nan. Wake kuwa tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu, dalilin kuwa wannan sinadarin dai na cikin fiya-fiya, sunansa na boko dichlorvos, suka ce abin da suke samu a ciki ya ninka abin da dokarsu ta yarda da shi nesa ba kusa ba. Ya ce min, malam, abin da Bature ya auna ya ce ba zai ba ɗansa ba, shi ne ni zan ƙulla in sayar wa maƙwabcina? Wallahi maganar nan ta zauna min, don waken da aka ƙi karɓa a can ai ba zubarwa ake ba, cikinmu yake komawa.

Akwai ƙarin kuɗi a kan na kasuwa, ba zan ɓoye ba, amma ba mai yawa ba ne, kuma in ka cire tsakuwa da wanda ya huje da za ka zubar kusan kunnen doki ne. Uwargida ta ce ko ruwan wankin farko daban yake.

A gabana wani ya shigo yana neman maganin ƙwarin nan Sniper, yaron kantin ya ce ba ma sayarwa, NAFDAC ta hana ajiye shi a kantunan kayan abinci tun 2019, sai shagon kayan noma. Mutumin ya juya, ina kallonsa ta gilashi, ya tsallaka titi ya saya a wajen mai tebur, a ɗure cikin kwalba ba ko takarda a jiki. To ka ji yadda doka take a karkara, mai ƙofar gilashi ne kaɗai take gani.

Sai maganar leda, wadda ita ce ta raba kan garin nan gida biyu. In ka gama sayayya yarinyar da ke kan kanta za ta tambaye ka, da leda ko ka zo da jaka? In ka ce leda, naira hamsin ce. Ranar farko na zaci wasa take. Akwai wata dattijuwa a gabana da ta sayi sukari da ganyen shayi da sabulu, da aka gaya mata sai ta ajiye kayan ta riƙe haɓa ta ce ke ƴar nan, yau ni na ga ƙarshen zamani, ko mai tumatir a kasuwa ai ba ya hana ka leda. Yarinyar ta ce Inna ki yi haƙuri, ba ni na sa ba, Alhaji ne. Inna ba ta ƙara cewa uffan ba, ta warware gefen mayafinta ta zuba kayan ta ƙulle ta fice tana sababi, mu kuma aka bar mu da dariya.

Na samu Alhajin a kan wannan ma. Ya ce shi ba wanda ya zo ya tilasta masa, a Legas ya gani, can manyan kantuna sun fara cajin leda, gwamnatin jihar ta hana robar tekawe mai kumfa tun farkon 2024 sannan ta bi sauran robobin da ake amfani da su sau ɗaya a Yulin 2025, kuma ya ce abin da ya fara a Legas ko ba jima ko ba daɗe sai ya iso Kano, in ya iso Kano kuwa ya iso mu, gara mutane su saba tun yanzu. Ya ƙara da cewa Ruwanda tun 2008 ta hana leda, Kenya ta bi a 2017, kuma ba su mutu ba.

Ta wani ɓangaren ba ni da bakin musa masa. Bara akuyata ta yi ta ramewa tana ci ba ta ƙiba, cikin ya kumbura ya yi tauri, da muka ga za ta tafi a banza aka kira mahauci, da ya farke tumbin sai ga leda dunƙule guda ta murɗe kamar igiya, baƙa da fara har da ta fiya wata. Kuma duk wanda ya kai takin bola gona ya san yadda yake wuni yana tsintar leda kafin ya yi huɗa, in ka bar ta kuma shuka ta zo daidai wajen ta tsaya. Ba sai wani ya zo daga waje ya gaya mana leda annoba ce ba.

Amma fa Alhaji, tsakani da Allah, ka waiga ka dubi kantinka. Omo a leda, madara a leda, tumatir a leda, man gyaɗa a leda, taliya, biskit, ruwa, har shi waken da nake yabo a leda ka ƙulla shi. Na ƙirga a sayayyar gida ta sati ɗaya na fito da leda goma sha bakwai, guda ɗaya tak aka caje ni, wato wadda talaka zai riƙe a hannu, sauran sha shidan na kamfanoni ne kuma ba wanda ya ce musu kanzil. Su kansu ƙasashen duniyar da suka taru a Janiba a watan Agustan 2025 don su ƙulla yarjejeniya kan roba tashi suka yi ba su cimma komai ba, rigimar kuwa a kan ko za a rage yawan wadda ake ƙerawa ne tun daga masana'anta. Manya sun kasa daidaitawa a can, a nan kuma an tsare Inna da naira hamsin. Da ya ajiye ko da buhu ne a bakin ƙofa a riƙa tara robobin lemo ana ba yaran da ke saye a kilo, da sai in ce da gaske yake, yanzu kam rabin abin kishin muhalli ne rabi kuma an rage kashe kuɗin sayen leda ne, kowa ya san ita ma ta yi tsada.

Sauran ƙorafina ƙanana ne. Tsakanin kantocin ya yi matsi, in mai jiki ya shigo sai dai ka ja baya. Taransfa in netwok ya ɗauke sai ka yi tsayuwar minti ashirin ana jiran alat, canji kuma in babu sai a miƙo maka alawa kamar yaro. Sau ɗaya na ɗauko wata madarar gwangwani rubutun jikinta duk Faransanci da Larabci, ka san ta iyaka ta shigo, na juya ta ko ina babu lambar NAFDAC, na nuna wa yaron, da na dawo bayan kwana biyu dai ban gan ta a wajen ba, ko cirewa aka yi ko ƙarewa ta yi oho. Ranar Alhamis kuma kar ka ma je da yamma, motocin kasuwar Maigatari in suka tsaya ruwan sanyi ƙarewa yake kafin la'asar.

In maki ake bayarwa na ba su huɗu cikin biyar, ɗayan na riƙe shi sai ranar da na ga buhun tara roba a ƙofa. Af, na kusa mantawa, telan nan na gefen masallacin tasha ya gano kasuwa, ya fara ɗinka jaka da tsohon buhun shinkafa har da hannu biyu, jiya na ga Innar nan da tata a rataye tana shiga kantin tana harare-harare. Ni ma na kai masa buhu biyu ya ce in dawo ran Asabar, kun dai san Asabar ɗin tela.