Gargaɗi: mai sayar da tsofaffin komik na Amurka ya damfare ni ₦420,000

Jama'a, kwana tara ke nan ina haɗiye wannan maganar saboda kunya, yau dai ta fi ƙarfina. Naira dubu ɗari huɗu da ashirin. ₦420,000. Kuɗin da na yi wata biyar ina tarawa.

Kada wani ya zo ya ce min ban san kan abin ba. Tun ina sakandare nake tonon komik a wajen masu kasa tsofaffin littattafai a Sabon Gari. Na san EC Comics, kamfanin buga komik na Amurka, na san mujallunsa Weird Science da Weird Fantasy da Tales from the Crypt, kowace fitowa gajerun labarai huɗu, na kumbo da duniyoyin sama ko na fatalwa, ƙarshen kowanne sai ya juye maka. Na san senti 10 ake sayar da su a farkon shekarun 1950, na kuma san dokar tace komik da kamfanonin komik suka kafa wa kansu a 1954 ce ta karya su. Ni ba baƙo ba ne.

Abin da ya kama ni saƙon murya ne. Na tambayi mai sayarwar Weird Fantasy lamba 18, ta 1953, sai ya ce, "Yallaɓai, wadda ke da Judgment Day kake nufi, zanen Joe Orlando, inda ɗan sama jannatin ya cire hular ƙarfensa a hoton ƙarshe aka ga baƙar fata ne?" Wallahi nan take jikina ya saki. Mutum nawa ne za su faɗi wannan da ka? Na saurari saƙon nan ya fi sau talatin, ko daren jiya sai da na sake kunna shi. Muryarsa a natse, har da 'yar dariya. Yallaɓai kaza, yallaɓai kaza.

Kafin nan ma, a'a, bayan na tura kafin alƙalami ne, ya turo hoton littafin a cikin robar CGC, kamfanin da ke tantance su a Amurka. Na ɗauki lambar da ke jikin takardar na saka a shafinsu, ta fito daidai. To me kuma zan yi? Ashe lambar gaskiya ce, hoton ne ba nasa ba, daga wani shafin gwanjo ya kwaso. Sau biyu na nemi kiran bidiyo, ya ce sabis ba kyau. A nan ya kamata na tsaya, na sani, ba sai an faɗa min ba.

Na tura 150,000, sannan 200,000. Daga baya ya ce kayan sun maƙale a kwastan, sai an ba da 70,000. Na ba shi. Ku haɗa da kanku, 420,000.

Ranar Talata kwali ya iso tasha. Babu roba, littattafai uku ne a leda. Takarda fara fes, ko ƙamshin tsufa babu, alhali takardar shekara saba'in ja-ja take yi. A bangon Weird Fantasy ɗin, daidai inda farashi yake, an manna wata 'yar sitika. Na sa farce na ɓamɓare ta, babu senti 10 a wurin. Na buɗe na karanta ƙananan rubutun nan na ciki: Gemstone, 1997. Sabon bugun da aka sake yi ne, wanda can kuɗinsa 'yan daloli ne. Matata tana tsaye a kaina tana cewa, "Su ne? Su ne na dubu ɗari huɗun?" Na kasa ɗago kai.

Na kira, a kashe. WhatsApp ya yi bulokin ɗina, shafinsa na Instagram ya canza suna. Na je banki na cike takarda, ina jira.

Rasit uku da hotunan hirarmu duk suna wajena, zan ɗora su da daddare in na rufe lambar asusuna. Saƙon muryar ma zan saka, ku ji yadda ɓarawo yake magana.

Duk wanda zai saya: a nuna maka littafin a bidiyo da sunanka a takarda kusa da shi, a nuna maka shekarar da ke ciki, kada ka biya gaba. Shi ke nan.

Har yau da safe na ga ya ɗora hoton wata komik ɗin, House of Mystery, da sabon sunan, mutum biyu suna tambayar farashi. ₦420,000. Allah ya isa, ban yafe ba.