Wane Rami Za Ka Shiga a Ƙarƙashin Birnin Napoli?

Birnin Napoli na ƙasar Italiya a kan rami yake zaune. Tun zamanin Girkawa mutanen garin ke saran wani dutse mai taushi, launin rawaya-rawaya, daga ƙarƙashin ƙafafunsu suna gina gidaje da shi. Ramukan da suka rage aka mayar da su ma'ajiyar ruwan sha. Baƙon da ke da yini ɗaya zai tarar da wurare uku suna jiransa, kuɗin shigarsu kuma ba su yi wa juna nisa ba. Ke nan ba aljihu ne zai raba gardama ba, gwiwarka ce da numfashinka.

Wanda ya fi suna shi ne Napoli Sotterranea, ƙofarsa na dandalin San Gaetano a tsakiyar tsohon gari. Za ka sauka matakala 136, kimanin mita 40 cikin ƙasa. Daga waɗannan ramuka garin ya sha ruwa har annobar kwalara ta 1884 ta sa aka rufe su, sannan a Yaƙin Duniya na Biyu suka zama mafakar jama'a daga ruwan bama-bamai. Ɗaga kai ka dubi bango: akwai 'yan ramuka a jere, daidai tafin ƙafa, inda masu yasar rijiya ke takawa su hau zuwa tsakar gidajen mutane. Ni wannan ne ya fi taɓa min zuciya. Akwai kuma wani lungu da sai ka karkace kafaɗa za ka wuce, ga duhu, ga danshi. Ana barin wanda ba zai iya ba ya jira, amma idan ƙuntataccen wuri na sa ka haki, kada ka cuci kanka.

Mai tafe da dattijo ko ƙananan yara ya nufi Galleria Borbonica. Sarki Ferdinando na Biyu ne ya ba da umarnin haƙa ta a 1853, don ta haɗa fadarsa da barikin soja, ya samu hanyar tsira idan gari ya rikice. Ba a gama aikin ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka riƙa jibge motoci da baburan da hukuma ta ƙwace a ciki, suna nan har yau tsatsa na cinsu. Wurin na da faɗi. Ka shiga ta ƙofar titin Morelli, domin ta lungun Grottone doguwar matakala ce.

Na uku maƙabartar San Gennaro ce a unguwar Capodimonte, kaburburan Kiristocin farko tun ƙarni na 2, da zane-zane a bango. Babu matsi a cikinta. Samarin unguwar Sanità ne ke kula da ita ta ƙungiyarsu La Paranza, tikitinta kuma na shigar da kai maƙabartar San Gaudioso. Ka dai sani tun daga gida cewa wurin matattu za ka.

Idan ɗaya kaɗai za ka zaɓa kuma ƙafarka lafiya lau, ɗauki na farko. Sa takalmi mai riƙe ƙasa, ka riƙe 'yar rigar sanyi ko da rani ne, ka kuma tambayi lokacin ɗan jagora mai Turanci kafin ka biya, don ba a shiga sai da jagora.