Gargaɗi Game da Masu Damfara da Kalkuletar Zana Giraf a Intanet

Ina jan hankalin iyaye da ɗalibai kan wata damfara da ke kunno kai duk lokacin da aka koma makaranta, malaman lissafi suka buƙaci a nemo kalkuleta mai zana giraf. Mai tallar yakan saka hoton TI-84 Plus CE, wadda kamfanin Texas Instruments ya fitar a 2015 da allo mai launi da batirin caji, ya karya farashinta ƙwarai, sannan ya matsa a tura kuɗi tukuna da hujjar cewa guda ɗaya ce ta rage.

Wani ɗalibina da ya saya a wurin irin wannan mai talla ya buɗe nasa kwalin a gabana, sai ga tsohuwar TI-83 Plus an goge ta tas, amma ramin batirinta ya yi fari fat da dattin batirin da ya tsiyaye, wasu layukan allon kuma sun mutu, har zanen yana fitowa a gutsure. Na ji takaici matuƙa, domin mahaifinsa ya daɗe yana tara kuɗin. Wasu kuwa kalkuletar kimiyya ake aiko musu, irin Casio fx-991EX, wadda ba ta zana giraf a allonta, kuma sau da yawa ita ma jabu ce.

Kafin ku biya ko sisi, ku nemi bidiyon na'urar a kunne, tare da takardar da aka rubuta kwanan wata da hannu a gefenta. A danna maɓallin 2nd, sannan alamar tarawa, a zaɓi About, nan sunan samfurin zai bayyana. Daga nan a shiga Y=, a rubuta X², a danna GRAPH, ku ga lanƙwasasshen layi mai kama da harafin U ya fito ba tare da yankewa ba. Idan murfinta rawaya ne kuma an buga School Property a jikinta, kayan wata makaranta ne, ku guje ta.

Ƙarya ta ƙarshe da masu tallar ke yi ita ce cewa ana karɓar na'urar a kowace jarrabawa. Samfura masu CAS, wato masu warware aljabara da kansu kamar TI-Nspire CX CAS, an hana shiga da su jarrabawar ACT ta neman shiga jami'a a Amurka, don haka ku karɓi ainihin sunan samfurin daga malamin ajin a rubuce kafin ku fara ciniki da kowa.