Panhard ta 1891 ko Renault ta 1898: wacce ce kakar motar yau?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin waɗannan tsofaffin motocin Faransa biyu wacce ta fi kusa da motar da muke hawa yanzu. Ni dai Panhard zan ba kambun, amma Renault na da nata kason.

René Panhard da Émile Levassor injinan yankan katako suke ƙerawa a Paris kafin su sami lasisin haɗa injin Daimler mai silinda biyu. Inda suka ajiye injin shi ya ɗaukaka su. A wancan lokaci ana cusa inji ne a ƙarƙashin kujera ko a baya, su kuwa suka kai shi gaba, kuloci ya biyo, sai giya, sannan ƙarfin ya gangara zuwa tayoyin baya. Wannan jerin aka riƙa kira tsarin Panhard, sauran kamfanoni suka yi ta kwaikwaya. A 1895 Levassor ya tuƙa motarsu daga Paris zuwa Bordeaux ya dawo, kusan kilomita 1,200, cikin awa 48 da minti 48, yana juya ta da sanda, don sitiyari bai yaɗu ba tukuna.

Matsalarta sarƙa. Da sarƙa irin ta keke take juya taya, ga ƙara, ga ƙura na manne wa mai, ga saki a hanya.

Nan Louis Renault ya shigo, yana ɗan shekara 21, a wata rumfa a Billancourt. Motarsa 'yar mitsitsiya ce: mutum biyu, injin De Dion-Bouton mai silinda ɗaya, cc 273, ƙarfin doki bai kai 2 ba, iska ke sanyaya shi, gudunta kilomita 32 a awa. Amma ya yar da sarƙa ya sa farfela, wato doguwar sandar ƙarfe mai juyawa da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya. Giyarsa uku ce da ribas, kuma ta ukun ce ta fi burge ni: inji na juya farfela kai tsaye, ba tare da ƙarfin ya ratsa haƙoran giya ba, sai ƙara ta ragu, asarar ƙarfi ma ta ragu. Ranar 24 ga Disamba 1898 ya hau gangaren titin Lepic da ita a unguwar Montmartre, a daren ya samu odar mota 12. A 1899 ya kafa kamfani da 'yan'uwansa Marcel da Fernand.

Idan kana son ganin aikinsu a jiki ɗaya, je garejin bakanike ka leƙa ƙarƙashin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna. Zaman inji da kuloci da giya na Panhard ne, farfelar da ta miƙe zuwa baya kuma hanyar Renault ce.

Sai dai yawancin ƙananan motocin yanzu tayoyin gaba ke jan su, ba su da wannan doguwar farfelar. Wannan salon a Faransa Citroën ce ta yaɗa shi da motarta Traction Avant a 1934.