Ɗakin Gwaji ko Kwamfuta: Amsa ga Ƙanwata

Ƙanwata, kin ce kin kammala digirin nazarin ƙananan halittu a Dutse, kina zaune a ƙauyenku a ƙasar Birnin Kudu, kuma kina son sanin wanda ya fi dacewa da ke tsakanin aikin ɗakin gwaje-gwaje da bayo'infomatiks, wato tantance bayanan ƙwayoyin cuta da kwamfuta. Na yi na farkon kafin in koma na biyun.

Ma'aikacin ɗakin gwaji da samfuri yake wuni: jini, kaki, bahaya, da ruwan ƙashin baya idan sanƙarau ya shigo da zafin bazara. Tambayarsa ta majinyaci guda ce, ko tarin tibi ne ko ba shi ba ne, kuma na'urar GeneXpert tana ba shi amsa cikin kamar awa 2. Aikin yana kusa da gida, sai dai ki sani lasisin MLSCN, hukumar da ke kula da aikin gwaje-gwajen asibiti a Najeriya, na waɗanda suka karanci kimiyyar gwaje-gwajen asibiti ne, digirinki shi kaɗai ba zai ba ki shi ba.

Mai bayo'infomatiks kuwa bai cika taɓa samfuri ba. Na'urar Illumina, ko ƙaramar MinION da ke shiga aljihu, ita ke karanta haruffan halittar ƙwayar cuta ta zubo su gutsure-gutsure, shi kuma ya tace su, ya harhaɗa, ya gwada da na wasu wurare. Ƙwayar korona tana da haruffa kimanin 30,000, ta kwalara kuwa wajen miliyan 4, don haka ido ba zai iya ba, sai an rubuta wa kwamfuta umarni. Tambayarsa ta al'umma ce: amai da gudawar da ta ɓulla a garinku da ta garin da kuke cin kasuwa tare tushensu ɗaya ne? Ƙwayar ta fara bijire wa magani? Irin wannan karatu ne ake yi wa ƙwayar shan-inna da ake tsinta a ruwan kwatocin Kano, a gane daga ina ta zo da daɗewar da ta yi tana yawo ba a sani ba.

Koyon bayo'infomatiks ya fi araha, domin da laftof da manhajar Linux da yaren rubuta wa kwamfuta umarni irin Python ko R za ki fara, bayanan NCBI, wato rumbun jerin haruffan halittu da ke intanet, da dandalin Galaxy na tantance su kuma kyauta ne, wuta da data ne za su ba ki wahala. Amma guraben kaɗan ne kuma nesa suke: ɗakin gwajin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa (NCDC) da ke Gaduwa a Abuja, cibiyar binciken lafiya ta NIMR a Yaba da ke Legas, da cibiyar bincike ta ACEGID a Ede da ke jihar Osun, inda aka karanta jerin haruffan korona na farko a Afirka a watan Maris 2020.

Akwai abin da har yau yake damuna. An taɓa kawo samfuri daga wani asibitin karkara cikin akwatin ƙanƙara ɗaure a bayan babur, da damina, an sha laka kafin a kai titi. Haruffan suka fito tas, amma gurbin sunan gari da ranar ɗauka a fom ɗin da ke rakiyar samfurin babu komai, na rasa inda zan ɗora shi a taswira, wahalar mutane ta tashi a banza. Wanda bai taɓa riƙe wannan fom ba bai cika gane inda bayanansa suke gurguncewa ba.

Saboda haka, da digirin da ke hannunki, bayo'infomatiks nake zaɓa miki, amma ki shiga ta ƙofar samfuri. Ki nemi jami'in sa-ido kan cututtuka na ƙaramar hukumarku ki yi aikin sa-kai tare da shi tsawon damina guda, da dare kuma ki zauna da Linux ko da awa ɗaya ce. Idan kika iya harhaɗa jerin haruffan ƙwayar kwalara guda daga NCBI da kanki, ki turo mini mu duba tare.