Gishirin Daular Tang ta Sin: Tsarin Diwu Qi ko na Liu Yan?

Ɗalibai na yawan tambayata wanne ya fi. A 758, tawayen janar An Lushan ya tsotse baitulmali, sai jami'in kuɗi Diwu Qi ya sa hukuma ta riƙa sayen gishiri tana sayarwa da kanta. Awon da ake saye tsaba 10 ya koma 110. Kuɗi ya shigo, amma ɗawainiyar ma'aikata ta yi nauyi.

Liu Yan kuwa, jami'in da ya riƙe harkar gishirin daga baya, ya sakar wa fatake dako da kasuwa, hukuma na cire ribarta tun wurin sari. Zuwa 779, gishiri ke kawo kusan rabin kuɗin shigar daula.

Masu dafa gishirin ne ke ba ni tausayi: a duka biyun, hukuma kaɗai suke iya sayar wa.

Na Diwu Qi ya dace da sarkin da yaƙi ya matsa wa, na Liu Yan kuma da mai neman kuɗin shiga mai ɗorewa.